Fitilu Takwas a Motar Yaya

Auta yana kwance a ƙarƙashin sitiyarin wata mota, kansa a ciki ƙafafunsa a waje, yana neman wayar da ta hana hon ƙara tun safe, sai ya ji tarin wani inji da ya sani kamar muryar gidansu. Bai ko leƙo ba. Motar Yaya ce. Ya rufe ido, ya sauke numfashi a hankali, don ya san abin da ya kawo ta.

Shekara ashirin da biyu ke nan Auta yana gyaran wutar mota a wannan rumfar kwano da ke bayan tasha. 'Yan gareji Rewaya suke ce masa, amma a gida har gobe Auta ne, duk da furfurar da ta fara cin gemunsa da 'ya'ya huɗu da ya ajiye. Wanda ya fi kowa riƙe sunan kuwa shi ne yayansa, wanda ya girme shi da shekara goma sha bakwai. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kamo hannunsa ya kawo shi koyon aiki, shi ya yi masa aure. Mutumin da ya yi maka wannan, da wane bakin za ka ce masa a'a? Auta dai bai taɓa iyawa ba.

"Auta! Fito ka ga abin da na samo."

Ya janyo jiki ya fito, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Yaya na tsaye rungume da kwali, fuskarsa cike da fara'a. A cikin kwalin akwai wasu fitilu biyu masu faɗin faranti, da ƙarfen ɗaurawa, da dunƙulen waya ja da baƙa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Waɗannan kuma na ina ne?"

"Na sama. Kan rufi za ka ɗora mini su. Mai shagon ya ce da su har allura sai ka tsinta a hanya."

Auta ya dubi goshin motar. Tsohuwa ce mai dogon baya da layin kujeru uku, kuma tuni gabanta ya cika. Ga fitilunta biyu na asali. Ga biyu a kan bamba, waɗanda ya ɗaura bara da Yaya ya ce na asalin sun tsufa. Ga wasu biyu a gefen ragar inji, waɗanda ya ƙara wata huɗu da suka wuce da Yaya ya ce kayan yanzu duk jabu ne, ba sa haske. Yau kuma ga biyu. Takwas ke nan, a mota ɗaya.

Aikin Yaya ɗaya ne, shekara goma sha ɗaya. Da safe ya kwashi mata shida masu zaɓen ƙwai ya kai su wata gonar kaji da ke can nesa da gari, da daddare bayan an gama kwasar ƙarshe ya dawo da su. Daga gada kwalta ta ƙare. Babu fitilar titi, babu gida ko ɗaya, sai gonaki da ramuka da duhu.

Matsalar kuwa ba ta fitila ba ce, kuma Auta ya sani. Ya ga Yaya yana tsiyaya shayi a gefen kofi da magariba. Ya gan shi yana yi wa matar ɗansa gaisuwar baƙuwa a bakin ƙofa, sai da ta yi magana ya wayance da dariya. Idan rana ta bugi fuskarsa, kana iya hango farar yana ta fara rufe baƙin idon, na dama ya fi. Idon Yaya ne ke tafiya, kuma kullum yana ɗauko ran mutum shida a cikin duhu. A duk duniya mutum ɗaya ne zai iya ce masa ya ajiye tuƙi ya saurara, shi ne Auta, kuma bakin Auta ya yi nauyi.

Sai ya bi ta bayan gida, yadda ya saba.

"Yaya, batir ɗin nan ba zai ɗauki takwas ba."

"Jiya na sa sabo. Buɗe ka gani."

"To injin cajin fa? Zai wahala."

"Ba kai ka gyara shi da hannunka ba? Ko aikin banza ka yi mini?"

"Sai an huda rufi kuma. Ruwa zai dinga shiga."

"Akwai ƙarfen ɗaukar kaya a sama, ka ɗaura a jikinsa. Auta, yau kuma me ya same ka? In ba za ka yi ba ka faɗa mini, masu waya ba su ƙare a garin nan ba."

Ya faɗi haka ne yana kallon Auta kai tsaye, ya kuma yi shiru yana jira, shirun da ya fi na kullum tsawo. Auta ya sunkuyar da kai ya karɓi kwalin.

Aikin ba wuya gare shi ba, gajiya ce kawai. Ya hau kan benci ya ɗaure fitilun a ƙarfen rufi. Ya bi da waya ta cikin robar gefen gilashi, ya sauko da ita ta bayan dashbod, ya sa mata fis nata daban don kada wata rana ta ɗauki zafi ta kama da wuta. Ya huda wani gurbi kusa da makunnai biyun da ya sa a baya, ya dasa na uku. Duk inda waya ta haɗu da waya ya murɗe ya naɗe da salatif sau biyu. Ko a ranar da zuciyarsa ba ta so, hannunsa ba ya iya aikin ha'inci, kuma wannan ma yau haushi ya ba shi.

Mai Faci, maƙwabcinsa na rumfar hagu, ya zo ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallo.

"Baba, filin ƙwallo za ka haska ne, ko jirgi za ka sauke?"

"Kai dai je ka ji da tayoyinka," in ji Yaya daga kan benci, inda yake shan ruwa a inuwa. "Wanda bai taɓa wuce gada da daddare ba ai ba ya cikin maganar."

Aka yi dariya. Auta bai yi ba, sukurun da ya riƙe a baki suka zame masa uzuri.

Sai da rana ta faɗi aka zo saiti. Auta yana da yadda yake yi, kuma bai taɓa canzawa ba tun yana yaron shago. Akan tsayar da mota taku goma daga katangar gareji, ya auna tsayin fitila da igiya, ya je ya zana gicciye da alli a jikin katangar. Daga nan mai mota ya zauna a kujerarsa, shi kuma ya dinga juya fitilar a hankali har mai motar ya ce tsakiyar haske ta hau kan allin. Dalilinsa shi ne, idon da zai yi tuƙin shi ya kamata ya yi saitin, ba idon mai gyara ba.

Yaya ya shiga ya danna sabon makunni. Katangar ta yi fari fat, har ƙadangaren da ke kwance a kanta ya zabura. Auta yana kan benci da sifana, ya fara sauke ta dama.

"In ta hau kan allin ka yi magana, Yaya."

"Sauke. Ƙara kaɗan. Yawwa, daidai!"

Auta ya dubi katanga. Tsakiyar hasken na sama da allin da kamu biyu cur. Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da saukewa har ta zauna inda ya kamata, Yaya bai ce ta wuce ba. Sai ya koma ta hagu. A nan ne wani tunani ya zo masa, wanda ya ji kunyarsa tun kafin ya aikata. Ya sa yatsa ya zare wayar fitilar gaba ɗaya. Rabin katangar ya dusashe.

"Yanzu fa, Yaya?"

Yaya ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, ya ƙanƙance ido.

"Yanzu ta fi kyau. Ɗaure ta a nan."

Auta ya dafa rufin motar. Ya so ƙwarai a ce Yaya ya daka masa tsawa ya ce wace irin wasa ce wannan. Ya mayar da wayar, ya saita da idonsa, ya ɗaure. Ga maganar ta zo har maƙogwaro. Abin da ya fito kuwa daban.

"Bari in bi ka yau, in ga yadda za su yi a hanya."

"Ka ga aikin ƙwarai. Shigo."

Har zuwa gada babu laifi, fitilun shaguna da na motoci sun taimaka. Suna sauka daga kwalta Yaya ya danna makunnan nan uku ɗaya bayan ɗaya, duniya ta yi fari. Kowace ciyawa ta fito da inuwarta. Ƙwari suka yo ca a kan gilashi. Hasken na sama ya faɗo kan bonet ya dawo cikin ido, har shi Auta mai lafiyar ido sai da ya kare da hannu. Wani mai babur da ke tahowa ya rasa inda zai sa kansa, ya gangara gefen gona yana ɗaga hannu yana aiko musu da zagi.

"Ka ji ɗan banza," in ji Yaya. "Hassada ce."

Amma ƙirjinsa na manne da sitiyari, idonsa na zubar da ruwa, yana sharewa da bayan hannu. Auta ya lura da wani abu kuma. Yaya ba da ido yake tuƙin ba. Kafin su kai rami ya riga ya kauce. Kafin kwalbati ya riga ya sauke giya. Da taya ta taka wani tudu sai leɓensa ya motsa, kamar mai ƙirga, can sai ya karya kwana daidai inda take. Hanyar tana cikin jikinsa tun daga gada har ƙofar gona. Abin da bai sani ba shi ne abin da aka ajiye a kanta yau. Wata tipa ta juye tsakuwa a gefe da rana, tulin ya ci kusan rabin hanya, kuma Yaya ya nufe shi kai tsaye.

"Yaya, tsakuwa!"

Ya fizge sitiyari, motar ta yi tangal-tangal ta daidaita.

"Na gani," in ji shi. "Kai dai ba ka da haƙuri."



Matan na zaune a kan wani dogon benci a bakin ƙofar gonar, kowacce da jakarta a cinya. Warin kaji ya bi tufafinsu, gashin kaza ya maƙale a mayafin wasu. Tun safe suke tsaye suna ɗaga ƙwai ɗaya-ɗaya, suna ware mai tsaga da mai datti, gajiya ta hana su ko mamakin sababbin fitilun. Suka gaishe da Baba Direba, yadda suke kiransa, suka gaishe da ƙaninsa. Auta ya koma can kujerar baya. Ba tare da shawara ba suka bar wa wata siririyar mata mai kimanin shekara hamsin kujerar gaba.

"Wannan ita ce Rediyo," in ji Yaya yana tayar da mota. "Auta, ka toshe kunnenka. Daga nan har gari ba a kashe ta."

"Haka Allah Ya yi ni, Baba Direba, sai haƙuri," in ji ta.

Ko ƙofar gonar ba su gama fita ba ta fara. Labarin surukinta da ya sayi firji babu wuta a unguwarsu. Labarin manaja da sabon takalminsa mai ƙara. Auta, wanda kansa ke sarawa tun la'asar, ya ji kamar ya ce baiwar Allah ki taimaka ki yi shiru. Can sai ta katse labarin takalmi a tsakiya.

"Kai, dubi wannan mai keken! Ko fitila babu, kuma ya bi hannun damanmu kamar hanyar gidan ubansa."

Yaya ya ɗan karkata hagu. Suka wuce mai keke. Ta koma kan takalmi.

"Ikon Allah, shanun nan har yanzu ba a kora su gida ba? Ga uku can suna tsallakawa, ga ɗan maraƙi a baya yana jan ƙafa, shi ba ya sauri."

Yaya ya ɗaga ƙafa daga totur. Shanu uku suka wuce, maraƙi ya bi su.

"Wai su masu tipar nan ba su da hankali ne? Tsakuwar da suka zubar ɗazu ga ta can gabanmu ta hagu, ta cinye hanya."

A nan ne Auta ya daina jin haushi. Ya dube ta sosai. Bakinta na zuba, amma wuyanta a miƙe yake, idonta bai bar gilashi ba ko sau ɗaya, hannunta ɗaya na kare hasken da ke dawowa daga bonet. Ba hira take yi ba. Hanya take karanta masa, tana naɗe ta a cikin surutu don kada ya ji kunya. Sauran biyar ɗin kuwa ko tari babu. Ta kusa da Auta ta riƙe kujerar gabanta da hannu biyu, leɓenta na motsi da addu'a. Ashe duk sun sani. Shi da yake ganin sirrin gidansu yake rufewa, ashe mata shida ne ke ɗauke da sirrin kowane dare, da ransu.

Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga kai.

Sun kusa gada abin ya faru. Wata babbar mota ta wuce su ta tayar da ƙura, fitilu takwas suka bugi ƙurar, gaba ɗaya gaban ya zama farin bango. Rediyo na tsakiyar wata magana, ta yi shiru tana lalube da ido. Daga layin tsakiya wata ta ƙwalla ƙara.

"Jaki! Baba, jaki da mutum!"

Birki ya yi kuka. Jakunkuna suka zube, kan Auta ya bugi kujera. Motar ta tsaya, inji ya mutu. Da ƙurar ta lafa sai ga wani dattijo riƙe da igiyar jaki mai ɗauke da itace, tsakaninsa da bamba bai fi taku ɗaya ba. Ya sa hannu ya kare fuskarsa daga hasken, ya tsaya kawai, ko gudu bai iya yi ba. Daga baya ya ja jakinsa ya shige duhu, bai ce musu komai ba. Da ya yi zagi ma da ya fi sauƙi.

"Mutane ba sa ganin mota," in ji Yaya. Muryarsa ba ta fita sosai ba. Sau uku yana murɗa makulli kafin motar ta tashi.

Rediyo ta buɗe baki za ta ci gaba da labari, ta kasa. Haka suka hau kwalta.

Aka sauke su ɗaya bayan ɗaya a bakin lungunansu. Rediyo ce ta ƙarshe. Da ta sauka sai ta leƙo ta taga.

"Ƙanin Baba, taimaka mini da jakar nan zuwa ƙofa, ƙwai ne masu tsaga a ciki, hannuna ba ƙarfi."

Jakar ba ta da nauyin da yaro zai kasa ɗauka. Auta ya gane, ya bi ta. Sai da suka sha kwanar lungu ta tsaya.

"Kai ne mai sa masa fitilun?"

"Ni ne."

"Allah Ya saka da alheri, amma ka daina. Na yau sun fi na da kashe ido." Ta gyara mayafinta. "Ni ba mai surutu ba ce, ka tambayi gidanmu. Sunan ma shi ya laƙaba mini. Wata bakwai ke nan ina wannan aikin. Kafin in hau mota sai na tanadi labarin da zan yi, wallahi har ƙarya nake ƙagowa, surukina ko firji bai taɓa saya ba."

"Me ya hana ku gaya wa manaja?"

"Don a sallame shi a gaban masu gadi, kamar wanda ya yi sata? Shekara goma sha ɗaya bai taɓa barin mu a hanya ba. Ranar da naƙuda ta kama ɗayarmu a gona shi ya kai ta asibiti, ya kwana a waje kan benci. Mun ce mu lallaɓa, wataƙila 'yan gidansu su yi magana." Ta dube shi, ba da faɗa ba, da gajiya. "Mun jira ku, ba ku yi ba. Yau ban ga jakin nan ba. Ban gan shi ba sam. Ni ma idon nawa ba na yarinya ba ne, kuma ina da marayu uku a ɗakin can. Na gaji, ɗan'uwa. Gobe ba zan zauna a gaba ba."

Ta karɓi jakarta ta shiga gida.

Auta ya daɗe a tsaye a lungun kafin ya koma. Ya shiga kujerar gaba, wadda har yanzu da ɗumin matar. Yaya bai tambaye shi abin da ya tsayar da shi ba. Suka bi ta cikin gari a hankali har ƙofar gidan Yaya. Ya kashe inji, ya kashe makunnai, uku, biyu, ɗaya. Duhu ya dawo, inji na ɗan ƙara yana hucewa. Daga cikin gida ana jin jikoki na rigima a kan wurin kwanciya.

"Aikinka ya yi kyau," in ji Yaya. "Sai dai ta hagun nan kamar tana son a ɗan ɗaga ta."

Auta ya dubi hannuwansa, baƙin mai ya cika ƙarƙashin farce. Ya ji tsoro kamar ranar da ya fasa madubin motar ubangidan Yaya yana ɗan shekara tara. Amma gajiyar ta fi tsoron yawa.

"Yaya, ba fitila ba ce."

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ɗazu a gareji na zare wayar ta hagu gaba ɗaya, ka ce ta fi kyau. Ka yafe mini, gwada ka na yi. Idonka ne, Yaya. Farar yana ce ta rufe shi. Ko fitila ɗari na ɗaura maka ba za ka ga jakin nan ba, ƙara kashe maka ido ma suke yi. Kada ka sake tuƙi da daddare. Kada ka sake tuƙi ma, sai likita ya duba ka. Ana cire ta, mutane da yawa an yi musu sun warke. Gobe ni zan kai matan in dawo da su, jibi mu je asibiti."

Ya faɗe ta a guje, kamar mai tsallake wuta, ya tsaya yana jiran tsawa. Ya shirya jin cewa shi yaro ne, cewa an goya shi a baya yau ya zo yana koya wa mutane tuƙi. Tsawar ba ta zo ba. Yaya ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, yana shafa inda fatar ta goge saboda shekaru.

"Na sani," in ji shi.

"Ka sani?"

"Idona ne fa, Auta. Wa zai riga ni sani? Kuma kana zaton ban san abin da matar nan take yi ba? Kowane dare ina jin ta, ina jin muryarta na rawa, ina ce mata Rediyo don mu samu abin dariya ni da ita."

"To don me, Yaya? Don me kake ta sayen fitilu?"

Yaya ya juyo. A ɗan hasken da ke fitowa daga zaure Auta ya ga fuskarsa ta faɗa, ta zama ta tsoho sosai.

"Ni ba zan iya ajiye makullin nan da kaina ba. Na gwada. In na tashi da safe na ce yau ne, sai in ga to in na ajiye me zan zama a gidan nan, mai gadin takalma? Sai in ce bari in je wurin Auta. Shi ya san wuta, ya san mota, ya san ni. Zai dube ni ya ce Yaya ya isa haka, in yi masa faɗa, in yi fushi kwana biyu, in huta. Sau uku ina zuwa rumfarka da kwali a hannu. Sau uku kana karɓa kana ɗaura mini."

Auta ya sunkuyar da kai. Duk shekarar nan yana ganin ladabi yake yi. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

Yaya ya zare makullin, ya laluba ya kamo hannun ƙaninsa, ya sa masa a tafi, ya naɗe yatsun a kai.

"Ƙarfe shida suke fitowa. Ta lungun makaranta ba ta son jira, ka fara da ita. Giya ta biyu tana ƙi, sai ka taka kuloci sau biyu."

"To, Yaya."

Yaya ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafa ɗaya, sai ya tsaya, ya daɗe yana duban ƙasa. Tsakanin motar da zauren gidansa bai fi taku shida ba.

"Zagayo ka kama ni," in ji shi a hankali. "Akwai kwata a nan wurin, ba na ganin ta."